Babi na Bakwai: Eko a Cikin Akwati

Duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu da zanen shanu aka san su. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ƙarƙashin rumfunan dutse, akwai hotunan shanu da mutanen da suka zana suka bari. Abin da ba a cika ambata ba shi ne wasu daga cikin duwatsun suna da murya. A 1955 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya lura cewa kusa da zanen akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa su sai su yi ƙara kamar ƙarfe, jikinsu kuma duk gurabun bugu ne, alamar an daɗe ana kaɗa su. Ya wallafa bayaninsu a mujallar Man a 1956, daga nan masu bincike suka shiga neman irinsu a wasu sassan Afirka.

Wanda ya kaɗa dutse a wancan zamani ba shi da zaɓi mai yawa. Girman dutsen da yadda ya zauna a kan ɗan'uwansa su ke yanke kaurin sautinsa, tazarar bangon da ke fuskantarsa kuma ita ke yanke yadda amo zai dawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya. In bango yana nesa da kai da mita 17, muryarka za ta je ta dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma daga wajen nan ne kunne yake jin amsa-kuwwa a ware daga ainihin murya. In tazarar ba ta kai haka ba, sai su cakuɗe, murya ta yi kauri kamar a cikin soro. Mai son wani amo dabam sai dai ya tashi ya canza kogo.

Yau ba sai an tashi ba. A wurin kamun amarya a Birnin Kudu, ko taron mauludi a Gwaram, ko wajen mai tallar magani a kasuwar Sara, filin Allah ne ba bango ko ɗaya, amma da an ce "jama'a" sai ka ji kalmar ta maimaita kanta sau uku ko huɗu kafin ta mutu. Wani yaro ne zaune gefen janareta da miksa a gabansa, ya murɗa maɓallin da kowa ke kira eko. Bangon yana cikin akwatin, a jikin wata baƙar ƙwaya da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, irin wadda masu gyaran rediyo ke kira ayisi. Mafi iyawa a cikin dangin waɗannan ƙwayoyi ita ce DSP, wato ƙwayar da aikinta shi ne sarrafa sauti bayan an mai da shi lambobi.

Farkon aikin aunawa ne. Makirfo yana mai da motsin iska ya zama wutar lantarki mai hawa da sauka, sai wata ƙwaya ta riƙa auna ƙarfin wutar tana rubuta shi da lamba. A faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ana yin awon sau 44,100 a kowane sakan. Yawancin kayan situdiyo na yau sau 48,000 suke yi. Ba a zaɓi adadin da ka ba. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa har sau 20,000 a sakan, kuma lissafin Harry Nyquist na 1928, wanda Claude Shannon ya ƙarasa a 1949, ya nuna cewa in awo ya haura ninki biyu na sautin da ya fi siranta, ana iya dawo da sautin yadda yake. Daga nan murya ta zama jerin lambobi, abin da za a iya yi wa lamba kuwa ana iya yi wa murya.

Abin mamakin shi ne ƙarancin abubuwan da ake yi wa lambobin. Uku ne: a ajiye lamba na ɗan lokaci, a ninka ta da wata lamba, a tara ta da 'yar'uwarta. Eko shi ne mafi sauƙi. A ajiye kowace lamba har sai 12,000 sun wuce bayanta, wato rubu'in sakan ke nan, a ninka ta da rabi don ƙarfinta ya ragu, a tara ta da wadda ke shigowa yanzu. In aka mai da sakamakon cikin ma'ajiyar ya sake zagayowa, sai maimaicin ya yi ta dawowa, kowane zuwa rabin na baya, har ya ɓace. In aka rage jinkirin zuwa milisakan 20 ko 30, ana ɗan tsawaita shi ana gajarta shi a hankali, sai mutum ɗaya ya fito kamar 'yan amshi biyu ko uku. In aka ƙara ragewa zuwa lamba ɗaya ko biyu kacal, ba a jin maimaici ko kaɗan. Abin da ake samu matata ce, mai rage kauri ko ƙara siranta, wadda ita ce ke bayan maɓallan bas da tirebul. Gero ɗaya ne, hannun mai girki ne ke mai da shi fura ko kunu ko tuwo.

To me ya hana kowace kwamfuta yi tun farko? Lokaci. Mai magana ba ya jira. In ana awo 48,000 a sakan, tsakanin lamba da lamba bai kai kashi 21 cikin miliyan na sakan ba, kuma dole a gama duk lissafin da ke kan wannan lambar kafin ta gaba ta iso, in ba haka ba sai a ji ƙas-ƙas a lasifika. Ninkawa kuwa aiki ne mai cin lokaci ga kwamfutocin shekarun 1970. Saboda haka aka ƙera ƙwaya ta musamman wadda ke ninkawa da tarawa a bugu ɗaya, aka raba mata hanyar da umarni ke bi da hanyar da lambobi ke bi don kada su yi cunkoso. Kamfanin NEC na Japan ya fito da tasa a 1980. Texas Instruments na Amurka ya biyo da TMS32010 a farkon shekarun 1980, mai aiwatar da umarni miliyan 5 a sakan. In ka raba wannan da awon CD za ka ga umarni ɗari da 'yan kai ne kawai ke isa kowace lamba. A cikin wannan ɗan kasafi injiniyoyin farko suka riƙa cusa dabarunsu. Motorola ta kawo 56000 a 1986, wadda ta zauna daram a kayan situdiyo shekaru masu yawa, Analog Devices kuma ta kawo SHARC a tsakiyar shekarun 1990.

Inda aka fi shan wahala shi ne amon ɗaki, wanda 'yan situdiyo ke kira ribab. Eko maimaici ne da ake iya ƙirgawa. Amon ɗaki kuwa dubban maimaici ne daga bango da rufi da daɓe, sun cakuɗe har sun zama jela ɗaya mai laushi a bayan murya. Kafin lambobi, situdiyo mai hali yakan ware ɗaki guda babu komai ciki sai lasifika da makirfo. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wata dabara: faifan ƙarfe mai tsawon kusan mita biyu, rataye a cikin akwatin katako, ana girgiza shi da sauti ana ɗaukar rawar da yake yi. Nauyinsa wajen kilo 270, kuma ɗaki ɗaya ya iya kwaikwayo. A 1962 Manfred Schroeder na Bell Labs ya nuna cewa ma'ajiyoyin jinkiri huɗu masu tsawo dabam-dabam, tsakanin milisakan 30 da 45, in aka jera su aka bi da su ta wasu ƙanana guda biyu, za su ba da abin da kunne zai ɗauka ɗaki ne. Takarda ta riga na'ura: sai 1976 aka samu EMT 250 da ke yin aikin nan take, Lexicon 224 ya biyo a 1978, duka biyun da tsadar da sai manyan situdiyo. Yamaha SPX90 na 1985 shi ya sauko da abin kusa da talaka, kuma shi ya nuna fa'idar gaske: akwati ɗaya, danna lamba kaza ya zama babban zaure, danna wata ya zama eko, danna wata ya ɗaga murya sama. Ba waya ko ɗaya da aka sauya a ciki. Umarnin ne kawai ya canza.

Akwai ma hanyar da ta wuce kwaikwayo. In aka fasa balan-balan a cikin ɗaki aka naɗi yadda ƙarar ta mutu, an samu hoton amon ɗakin gaba ɗaya. Duk muryar da aka ninka da wannan hoto, lamba bayan lamba, za ta fito kamar a ɗakin aka yi ta. Lissafin yana da nauyi, domin jela mai tsawon sakan biyu lambobi 96,000 ce, shi ya sa sai 1999 Sony ya fito da na'urar da ke yi nan take. Yau ƙaramar kwamfuta tana yi. Amon da ke zuwa cikin manhajojinmu galibi na majami'un Turai ne da zaurukan kiɗansu. Babu abin da zai hana a ɗauko na soron gargajiya mai daurin guga, ko na ƙarƙashin Dutsen Habude, a ɗora muryar mai begen Annabi ko mai goge a ciki. Naɗar sauti mai kyau da balan-balan ake buƙata, da izinin masu kula da wurin.

A nan ya kamata a raba tsakanin ƙwaya da ƙwaya, domin ba duk abin da ke eko ne DSP ba. Yawancin amfilifaya masu araha da ake sarowa daga Sabon Gari a Kano, da akwatunan nan masu batir da taya, wata ƙwaya ce a cikinsu mai suna PT2399, ƙirar wani kamfani na Taiwan. Ita ma da lambobi take aiki, amma abu ɗaya ta sani: jinkiri daga kusan milisakan 30 zuwa 340, kuma tana ƙara tsawo tana ƙara datti. Ba a koya mata komai. Kwatanta ta da FV-1, wadda Keith Barr, mutumin da ya kafa Alesis, ya ƙera. Umarni 128 kacal take bai wa kowace lamba, ma'ajiyarta ta sakan ɗaya ce, amma tana zuwa da shirye-shirye takwas a ciki, kuma mai ƙira yana iya rubuta nasa takwas ya ɗora mata daga waje. Bambancin ba na ƙarfi ba ne sosai. Ɗaya an gama yanke mata hukunci a masana'anta, ɗaya kuma tana jiran mai rubutu.

Hanyar da wannan fasaha ta bi ta shigo kunnen Bahaushe ta Kano ce. Bayan Turmin Danya na 1990, fim ɗin bidiyo ya zama sana'a, kuma waƙa ta zama abin da ke sayar da kaset. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa kan yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama ƙashin bayan kiɗan fim a ƙarshen shekarun 1990, inda makaɗi ɗaya yake lalubo sautukan da suka yi kama da kalangu da sarewa da algaita a cikinsa. Wanda ya taɓa zama gaban irin wannan fiyano ya san a jikin da yawa daga cikinsu akwai maɓalli da aka rubuta wa DSP ɓaro-ɓaro. Shi ke sa busasshen sauti ya jiƙe. Daga baya aikin ya koma cikin kwamfuta. Steinberg ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba kowa damar rubuta ƙaramar manhajar gyaran sauti a liƙa ta a jikin babba, sai kuma FruityLoops daga Beljiyam, wanda ya zama FL Studio. Kwamfutoci sun riga sun yi saurin da za su ɗauki lissafin da kansu. Shi ya sa ɗaki ɗaya da katifa a jikin bango da laftof ya isa a kira shi situdiyo, a Titin Gidan Zoo na Kano ko a Dutse ko a Birnin Kudu.

Sai Auto-Tune. Wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon yana nazarin amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma da irin wannan lissafi ya gano yadda za a auna tashin murya nan take. Ya fito a 1997. Manhajar tana auna sau nawa murya ke kaɗawa a sakan, ta duba matakalar da ta fi kusa, ta ja muryar zuwa can. Nufinsa gyara ne a ɓoye. Amma akwai maɓallin saurin gyara, kuma in aka kai shi sifili murya ba ta gangarowa daga mataki zuwa mataki, tsalle take yi. A 1998 waƙar Cher mai suna Believe ta fito da wannan tsalle fili, duniya ta ɗauka. A waƙoƙin nanaye ya samu gida har ya zama kamar shi ne muryar zamani.

Ba na cikin masu cewa Auto-Tune ya kashe waƙar Hausa. Yarinyar da ke sauraron waƙar soyayya a wayarta a Gwaram ta san sarai murya ba haka take fitowa daga maƙogwaro ba. Wannan ƙyalli na ƙarfe shi take so, kuma ado ne kamar kowane ado. Ƙorafina wani ne dabam. Manhajar tana zuwa a saite kan matakala 12 na fiyanon Turai, masu tazara daidai wa daida. Waƙarmu ta gargajiya galibi a kan matakala biyar take tafiya, kuma ba lallai su faɗa daidai inda fiyano ya ajiye nasa ba. Mai goge yana zamewa tsakanin sauti da sauti, mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata sautin ya hau yana lanƙwasa, kuma a wannan lanƙwasar maganar take. Wanda ya saurari Shata ko Ɗanƙwairo ya san rabin daɗin yana wurin da murya ta jingina, ba ta zauna ba. In aka bi da irin wannan ta Auto-Tune yadda ya zo daga kanti, sai ya goge abin da ya ɗauka kuskure ne. Alhali manhajar tana karɓar wasu ma'aunai, ana iya cire matakalar da ba a so, ana iya sassauta saurin. Larabawa da Turkawa sun matsa wa masu ƙira har Yamaha ya fito da jerin fiyano na musamman da ake iya sauke kowane sauti da rabin mataki don ya dace da maƙamansu. Na'urar ba ta ƙi ba. Tambayarta aka yi.

Matsalar da ta fi wannan girma ba a situdiyo take ba, a wurin wa'azi take da masallaci. An ɗauka eko kwarjini ne, don haka ake murɗa shi har ƙarshe. Mai magana yakan furta gaɓa huɗu zuwa shida a sakan. Eko mai jinkirin rubu'in sakan yana dawo da kowace gaɓa ta sauka a kan wadda ke bin ta. Hausa kuwa harshe ne da tsawon wasali da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana, karatun Alƙur'ani kuma yana da madda da gunna da aka auna tsawonsu. Dattijon da ke sahun baya yana jin amo mai cika kunne, amma da za ka ce masa "Baba, me Malam ya ce?" sai ya yi murmushi kawai. In a cikin masallaci ne mai tayil da kankare, ginin da kansa ya riga ya ba da amon da ya wuce kima, ƙari a kai ɓarna ce.

Abin takaicin shi ne ƙwayar da ke lalata magana ita ce ta fi kowa iya gyara ta. Kukan da lasifika ke yi in makirfo ya matso kusa yana faruwa ne a kan wani siririn sauti guda da ke zagayawa tsakaninsu; DSP na iya gano shi ya yanke shi shi kaɗai, ba tare da an rage murya ba. Tana iya rage kaurin da ke sa magana ta dushe, ta ɗaga yankin da baƙaƙe ke fitowa. Tana iya danne ƙarar da ta yi yawa kafin ta ƙona kan hon, abin da duk mai hayar lasifika ya san kuɗinsa. Sai kuma babban aikin, daidaita jeri. A filin Idi ko babban taro akan kafa lasifika a gaba, a kafa wata a tsakiya. Wutar da ke cikin waya tana isa duka biyun lokaci ɗaya, amma sautin ta gaba yana tafe a iska. In tazararsu mita 34 ce, wanda ke kusa da ta tsakiya zai ji kalma daga gare ta, sannan bayan milisakan 100 ya sake jin ta daga ta gaba. Maganin shi ne a jinkirta ta tsakiyar da milisakan 100, wato kusan milisakan 3 ga kowace mita, sai su iso kunne tare. Jinkirin nan shi ne dai wanda ake yin eko da shi, an juya shi ne ya kashe eko. Haka ma wayar da ke aljihun kowa tun zuwan GSM a 2001: akwai DSP a ciki da ke share muryar abokin magana daga makirfo don kada ta koma masa.

Wannan sassauci yana da farashinsa, kuma mai gyara ne ke biya. Tsohuwar amfilifaya in ta mutu, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa zai bi waya da mita ya gano abin da ya ƙone, ya cire na wata matacciya ya dasa. Miksa mai DSP in janareta ya yi mata ambaliyar wuta, ko an samu sabuwar ƙwaya iri ɗaya an dasa, ba lallai ta yi magana ba, domin umarnin da ke mai da ita miksa yana wata ƙaramar ma'ajiya, kuma kamfani ba ya sayar da shi. Shi ya sa masu haya da yawa suka fi amincewa da tsohon ƙarfe, kuma ba su yi wauta ba.

Sai dai ƙofar da ta rufe wa mai dalma ta buɗe wa mai laftof. Analog Devices yana da wata ƙwaya mai suna ADAU1701 wadda ke bai wa kowace lamba umarni 1,024 a awon 48,000, kusan ninki goma na abin da TMS32010 ke iyawa, kuma ana sayar da ita a kan ɗan allo da aka riga aka haɗa. Manhajar tsara ta, SigmaStudio, kyauta ce, kuma ba sai an iya rubuta umarni ba: akwatuna ake jawowa a fuskar kwamfuta, wannan matata, wannan jinkiri, wannan mai danne ƙara, a haɗa su da layi, a tura cikin ƙwayar. Ɗalibin kimiyya a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, in ya samu allon da igiyar awo, zai iya auna tazarar lasifikokin masallacin Juma'ar garinsu, ya ninka mitocin da uku, ya shigar da adadin, ya kashe ekon, sannan ya koma sahun ƙarshe ya saurari huɗuba ya ji ko saitin ya yi.